Wa Zai Tashi a Mota, Yaro Ko Babba?

Jawabin da Ma'aikacin Watsa Labarai ya yi wa hakimai da malamansu a wurin taron Durba, ƙasar Kibiya.



An umurce ni in yi muku magana yau a kan wani al'amari wanda in an ji shi da fari sai a ce bai isa a tara manya dominsa ba, watau zancen wurin zama a motar haya. In mota ta cika, ga yaro zaune, ga babba ya zo bai sami wuri ba, shin tilas ne yaron nan ya tashi? Na san da yawa cikinku za su ce ai wannan ba abin tambaya ba ne, duk ɗan da ya sami reno ya san amsa. Ni ɗanku ne, a hannun irinku na tashi, ba ni da bakin musa muku. Amma ina roƙo ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan, gama maganar tana da reshe, a ƙarƙashin reshen nan kuwa akwai rayukan 'ya'yan talakawanku.

Mu fara da abin da ba gardama a kansa. Girmama na gaba gādonmu ne, ba kuwa wanda ya aiko ni in rage masa daraja. Yaro ba ya zama bisa buzu ubansa yana ƙasa. In zai wuce majalisar dattawa ya kan tuɓe takalmi ya rusuna. In ya gamu da tsohuwa ɗauke da itace ya kan karɓa ya kai mata har ƙofar gida. In baƙo ya yi sallama a zaure, yaron da ke bisa tabarma ya kan zame ya koma gefe tun ba a ce masa kome ba. Ƙasar Rano kuwa, da ta ke ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ba baƙuwa ba ce ga waɗannan ladubba, ba ta bukatar wani ya zo daga ofis ya koya mata su.

Amma ku duba, ranku shi daɗe, cikin duk waɗannan me yaron ya yi hasara? Ya sauka daga tabarma ya zauna a ƙasa, shi ke nan. Ƙasar nan kuwa tana nan inda ta ke, ba ta gudu da shi, ba ta faɗa rami, ba ta taka birki. Zaure a tsaye ya ke, mota kuwa tafiya ta ke yi. Kakanninmu da suka tsara mana ladabin zama sun tsara shi ne tun jirgin ƙasa bai iso Kano ba a 1911, balle mota ta shigo ƙauyuka. Su kansu ma in tafiya ta kama iyali, ga jaki ɗaya tak, wa su kan aza bisansa? Tsohuwa da ƙaramin yaro. Magidanci da samarinsa su taka da ƙafa. Ashe ladabin hanya dabam ya ke da na zaure tun zamanin jaki da takarkari: a hanya mai rauni a ke fara dubawa.

Yanzu mu dubi abubuwan hawan da mutanen Durba da Tarai da Fammar da Nariya su ke shiga in za su Kibiya ko Rano, ko su zarce ta Bunkure zuwa Kano. Akwai ƙananan motoci irin su Golf, waɗanda maƙeransu suka yi wa mutum biyar har da direba, amma a nan sai a sa biyu a kujerar gaba, huɗu a baya. Akwai bas-bas. Akwai a-kori-kura ta ranar kasuwa, wadda buhuna da awaki da mutane su ke tafiya tare. Akwai babur. In an shiga birni kuma ga keken nan mai ƙafa uku da a ke kira A Daidaita Sahu, wanda ya sami sunansa daga shirin gyaran hali na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ya kuwa cika tituna bayan an hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano cikin watan Janairu na 2013. Mutum uku a ke nufin ya ɗauka a baya.

Cikin waɗannan duka ba wadda a ke tsayuwa a cikinta. To, in an ce, "Kai yaro, tashi ka ba babba wuri," ina za shi? Ba ya wuce a aza shi bisa cinyar wani, ko a cusa shi tsakanin direba da fasinjan gaba, ko a buɗe but a zaunar da shi tare da kaya ƙafafunsa suna reto a waje. In a-kori-kura ce sai a ce ya hau can ƙololuwar buhuna, tun da shi ba shi da nauyi. In keke ne ya raɓa gefen direba, rabin jikinsa a titi. Kowa a nan ya taɓa ganin haka. Watau wurin da ya fi kowane haɗari cikin motar shi a ke ba wanda ya fi kowa ƙarancin ƙarfin riƙo, sa'an nan a kira abin ladabi.

Bari in ɗan tsaya a kan zancen cinya, don ita ce mutane su ke gani kamar ba kome. Uwa ta kan ce, "Ai ina riƙe da shi." Masu ilmin lissafin gudu sun nuna cewa motar da ke tafiyar kilomita 50 a sa'a guda, in ta yi karo da abu ta tsaya nan take, abin da zai sami na cikinta daidai ya ke da faɗowa daga wuri mai tsawon mita 10, kamar bene hawa uku ke nan. In gudun ya ninka ya zama kilomita 100, wanda ba baƙon abu ba ne ga direbobinmu in sun sami kwalta mai kyau, tsawon faɗuwar ba ninki biyu zai yi ba, huɗu zai yi, wajen mita 40. A cikin ƙiftawar idon nan nauyin jikin yaro ya kan ninku har sau 20 ko 30, bisa ƙiyasin da masu koyar da kiyaye haɗari su ke bayarwa. Yaro mai kilo 10, wanda uwarsa ke ɗagawa da hannu ɗaya, sai ya zama kamar buhun masara biyu ko uku sun fizge daga hannunta gaba ɗaya. Ba uwar da za ta iya riƙe wannan, ba kuma ƙaton da zai iya. Abin da ya fi muni, shi mai riƙon ma gaba za a watsa shi, sai yaron ya zama shi ne matashi tsakanin ƙirjinsa da ƙarfen kujera.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, ta kuma ce ba abin da ya kai shi kashe masu shekara 5 zuwa 29. A ƙasarmu an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel ran 1 ga Janairu 2003, tana kuma gargaɗin kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a kujerar gaba. Amma ma'aikatanta ba su isa su tsaya a kowace mararraba tsakanin Durba da Kibiya ba. Dokar da ta tsaya a babban titi, sai da bakin hakimi ta ke shiga ƙauye.

Akwai kuma zancen kuɗi, wanda kunya ta kan hana a faɗa. A tashoshinmu kujera a ke sayarwa. Yaron da aka riƙe a cinya ba a biya masa, wanda aka ba wuri kuwa an biya masa kamar babba. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya hau ƙwarai, har magidanci ya kan yi lissafi sau biyu kafin ya fita da iyali. To, wanda ya daure ya biya wa ɗansa kujera cikin wannan hali, da nufi ya yi. Watakila yaron ba shi da lafiya, asibiti za a kai shi. Watakila tafiyar da nisa. Sai an bar tasha, an ɗan taɓa tafiya, direba ya hangi wani a bakin hanya yana ɗaga hannu, ya tsaya. Yaron mota ya leƙo ya ce, "Hajiya, ɗauki yaron nan mana, ga dattijo." Ita kuwa ta ji nauyin a ce ba ta da mutunci, sai ta ɗauka. Dattijo ya zauna ya sa albarka, ya biya kuɗinsa cif. An sayar da kujera ɗaya sau biyu ke nan, ba a kuwa mayar wa matar nan ko kwabo ba. A nan ba dattijon aka girmama ba, aljihun mai mota aka girmama, aka ari rigar al'ada aka yafa masa.

Ba na son a ce na zo cin naman direbobi. Na san abin da ke kansu: ga mai, ga kayan gyara, ga kuɗin tasha, ga abin da za a kai wa mai mota da yamma ko an samu ko ba a samu ba. Da yawansu mutanen kirki ne, sun sha ɗaukar almajiri da tsohuwa kyauta ba wanda ya ji. Amma ƙuncin sana'a ba ya halatta cin haƙƙin wanda ba shi da bakin magana.

Ni ba malami ba ne, ga malamai nan zaune, in na karkace su miƙe ni. Amma akwai wani labari da ya zo cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da Buhari da Muslim, daga Sahlu ɗan Sa'adu, wanda na ga ya kamata mu tuna. An kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin sha, ya sha. A damansa akwai yaro, a hagunsa dattawa. Bisa ƙa'ida na dama a ke fara miƙa wa. Sai ya nemi iznin yaron ko zai yarda a fara ba dattawan. Yaron bai yarda ba, don ba ya son ya bar wa kowa rabonsa na abin da ya fito daga hannun Annabi. Sai aka miƙa masa. Masu sharhi da yawa sun ce yaron nan Abdullahi ɗan Abbas ne. Ku duba fa, ranku shi daɗe. An so a fifita dattawa, wannan ya nuna girmansu. Amma da ya ke haƙƙin na yaro ne, sai da aka tambaye shi, da ya ƙi kuwa ba a tsawata masa ba, ba a ce ba shi da kunya ba.

Haka kuma an karɓo daga Abdullahi ɗan Umar cewa an hana mutum ya ta da wani daga mazauninsa don shi ya zauna, abin da aka yi umurni da shi shi ne a matsa a yalwata wa juna. Shi kansa Ɗan Umar in wani ya tashi dominsa ba ya zama a wurin. Hadisin nan kuma da kowa ya sani, mai tsoratar da wanda ba ya ganin girman manya, a cikinsa ne aka tsoratar da wanda ba ya jin ƙan ƙanana. Tare aka ɗaure su. Mu ne mu kan kwance ɗaya mu riƙe, mu bar ɗayan a ƙasa.

To, kada a ce na kawo ƙarshen tashi a mota. Akwai waɗanda lalle a tashi dominsu: tsoho mai sanda, da mace mai ciki, da mai goyo, da majinyaci, da makaho, da gurgu. Akwai kuma waɗanda lalle su tashi, su ne samari masu jini a jika da magidanta masu lafiya, irina ke nan. Abin mamaki, in ka lura cikin mota, sa'ad da tsoho ya leƙo yana neman wuri, idon kowa a kan ɗan shekara shida ya ke sauka. Saurayi mai shekara 25 yana nan ya sunkuyar da kai bisa wayarsa kamar bai ji sallama ba, wani lokaci ma shi ne zai fara cewa, "Yaran zamani ba su da tarbiyya." Shi ne ya kamata ya sauka ya jira mota ta gaba, ko ya koma wurin da ya fi matsi, don in an taka birki shi yana da hannun da zai dafe.

Yaron da ya tasa, kamar ɗan shekara 12 zuwa 15, shi a tsakiya ya ke. Ina ganin daidai ne a koya masa ya yi tayi da kansa: ya bar wa tsoho bakin ƙofa inda sauka ta fi sauƙi, ya koma can ciki, ya karɓi ƙunshin tsohuwa ya riƙe mata, ya kama hannunta in za ta sauka. Wannan musanyar wuri ce tsakanin kujera da kujera, ba ta cutar da shi, tana kuwa gina shi. Amma in tashin nasa yana nufin but ko saman kaya, to, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Babban da ya san girmansa ma ba zai yarda a yi haka dominsa ba. Na taɓa gani a wata tasha an buɗe but za a sa wani ɗan makaranta don wani dattijo ya sami wuri, sai dattijon ya ja da baya ya ce shi ba ya sauri, ya koma inuwa ya shimfiɗa buzunsa. Ba wanda ya sake magana, aka rufe but, mota ta tashi.

Kashi biyu na yara ina so ku sa musu ido musamman. Na farko yaron da ke tafiya shi kaɗai, almajiri ne ko ɗan makarantar kwana mai komawa gida hutu. Shi ba shi da mai tsaya masa, don haka shi a kan fara taɓawa, wani lokaci har a sauke shi a hanya a ce ya jira wata mota, alhali kuɗin da ke hannunsa ya ƙare. Na biyu 'ya mace. Yarinyar da ta fara tasawa ba a aza ta bisa cinyar namijin da ba muharraminta ba da sunan wai yarinya ce. Ba sai na tsawaita a kan wannan a gaban iyayena ba, kun fi ni sanin abin da na ke nufi.

Ba mu kaɗai wannan tambaya ta dama ba. Mutanen Japan, waɗanda su ma an san su da girmama tsofaffi, sun fara keɓe kujeru na musamman cikin jiragen ƙasa na birnin Tokyo a 1973, a ranar da su ke bikin girmama tsofaffi. Ba su rubuta cewa yaro ya tashi wa babba ba. Sun keɓe kujerun ne don tsofaffi da naƙasassu, daga baya aka haɗa da masu ciki da masu ɗauke da jarirai, duk mai lafiyar da ya zauna a kai kuwa ya san aro ya yi. Jiragensu ba irin motocinmu ba ne, suna da filin tsayuwa da madafa, saboda haka ba duk abin da suka yi za mu kwaikwaya ba. Amma dabarar keɓe wuri tun kafin mota ta cika ba ta bukatar ko sisi. In shugabannin tasha sun yarda cewa kujerar bakin ƙofa a kowace bas ta mai rauni ce, ba a ba ƙato sai in an rasa mai bukata har lokacin tashi, rabin rigimar nan ta ƙare tun a tasha.

Na san abin da waɗansunku ke ji a rai, don an faɗa mini shi a wurare da dama: in an ce wa yaro yana da haƙƙin zama, gobe ba zai ga kowa da gashi ba, icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Gaskiya ne. Amma wane darasi yaron da aka fizge daga kujerarsa aka tura but ya ke ɗauka? Abin da ya gani shi ne mai ƙarfi ya kan karɓe na marar ƙarfi, kowa ya yi shiru. Zai riƙe wannan sarai, ran da ya zama yaron mota ko direba kuwa zai aikata shi a kan na bayansa. Wanda ya ga ubansa ya tashi domin tsohuwar da bai sani ba, ko ya ji an ce masa, "Ɗana, ko za ka taimaki Baba da bakin ƙofa?" sa'an nan aka sa masa albarka a gaban jama'a, shi ne zai riƙa tashi ba a tambaye shi ba.

Abin da a ke roƙonku, ranku shi daɗe, ba mai yawa ba ne. In kun koma, ku kira shugabannin ƙungiyar direbobi na tashoshin ƙasarku ku zauna da su, tare da dagatai da masu unguwanni. Ku nemi alkawarinsu cewa ba za a ƙara sa yaro a but ko saman kaya ba, kuma kujerar da aka biya wa yaro ba a karɓe ta sai da yardar mai shi, in an karɓa kuwa a mayar da kuɗin nan take. Limamai da malaman makaranta su ma a sanar da su, don maganar da ta fito daga mumbari ta fi takardar ofis nisan tafiya. Ba a ce ku ci tarar kowa ba, wannan aikin hukuma ne. Direban da ya san maganar za ta kai gaban hakimi ya kan yi tunani kafin ya buɗe but.

Ku kuma malamai, ga naku aikin. Duk haɗarin mota ko babur da ya auku a ƙasarku wanda ya shafi yaro, in dagaci ya kawo labari, kada ku tsaya ga rubuta sunan wurin da yawan waɗanda suka ji rauni. Ku ƙara da shekarun yaron, da irin motar, da inda ya ke zaune sa'ad da abin ya faru, ko a kujera, ko a cinya, ko a but, ko bisa kaya. Ku sa shi cikin rahotonku na wata-wata. In an tara na Durba da na sauran gundumomin Kibiya da Rano da Bunkure har shekara guda, za a sami abin da za a aza gaban shugabannin tasha da na hukuma, wanda ba ji-ta-ji-ta ba ne. Wanda ke bukatar ƙarin kofe na wannan takarda don dagatansa, ya ba ni adadi kafin a watse.